Ranar Da Muka Kai Inna Ɗaukar Hoto

Yau zancen hoto na zo muku da shi. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Hoto kuma? Ai ga shi nan maƙil a wayar kowa, har yaran goye sun san shi." Gaskiyarki, 'yar'uwa, ni ma da haka na ke cewa. Amma ki ba ni aron kunne tukuna, ki ji abin da ya same mu a gidanmu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu da daminar 2019. Bayan shekara huɗu, ran nan da dare ina tankaɗe, sai autata, wadda tana goye ya rasu, ta ce, "Umma, wai Malam na gidan Inna fari ne ko baƙi?" Na ce bari in nuna miki. Na duba wayata, babu. Na aika gidan yayanmu, babu. Mu tara ya haifa, kowa da wayarsa, a ciki ga hotunan biki, ga na suna, ga na tuwo da miya, har da na kyanwa, amma na Baba babu. Abin da muka samu duka biyu ne: na jikin katin zaɓensa, wanda bai fi kan babban yatsa ba, da wani na wurin ɗaurin aure inda ya fito can gefe, rabin fuskarsa a bayan rawanin wani. Muka kai na katin a ƙara masa girma. Mai shagon ya gaya mana gaskiya tun bai karɓi kuɗi ba. Ya ce hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, ƙarami kuwa ɗigonsa kaɗan ne, in an buɗa shi ɗigon ne za su yi girma, kamanni ba za su ƙaru ba. Muka nace. Abin da ya fito sai ka ce mutum a cikin hazo. Yarinyar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Wannan ai ba shi da ido."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma ƙafa ta fara nauyi, ita ma kuwa hotonta ɗaya ne tak, na fasfon da ta je Makka da shi. Na ce a raina, ba za a yi mana biyu ba.

To, shawo kan Inna shi ne aikin farko, kuma shi ya fi wuya. Da na taɓa mata zancen sai ta ce, "Hoton me, ni da na ke jiran sammaci? Ku 'yan zamani ku je ku yi abinku." Ban shiga gardamar malamai da ita ba, don na san sun yi magana iri-iri a kan hoto, kowace kuwa ta san wanda ta ke tambaya. Abin da na yi, na gaya mata maganar da jikarta ta yi a kan Baba. Ta yi shiru har na zaci ta yi fushi. Bayan kwana biyu ta aiko a ce mini ta yarda, amma da sharaɗi uku. Kada namijin da ba muharraminta ba ya taɓa mata mayafi da sunan gyara. Kada a rataya hoton a ɗakin da ta ke salla. Kada kuma a kafa shi inda duk mai wucewa zai gani. Na ce an ɗauka. Na sanar da yayanmu, shi ma ya sa albarka. Ke uwargida, in ke ce za ki, ki fara da naki maigidan, ki gaya masa inda za ki da wanda zai ɗauka, don kada hoto ya iso gida tare da rigima.

Kafin in ba ku labarin shirin da muka yi, bari in tona asirin kaina, don a kan kuskurena na koya. Da ƙaramar Sallar 2021 na taɓa zuwa wani shagon hoto, ba shiri ba komai. Da safen nan aka yi mini kitso, aka ja shi tamau har girata ta ɗage. Na sa sabuwar farar shadda mai ƙyalli, na shafa hoda wadda ta fi fatata haske don in fito fes, na tafi da la'asar bayan na gama soye-soye, a gajiye. Shagon cike da jama'a, mai hoton yana ta "na gaba, na gaba." Da hoton ya fito, 'yan'uwa, fuska fara fat kamar an barbaɗa mini garin rogo, wuya da hannu kuwa baƙi, shaddar ta zama haske zalla ba a ganin aikin da na biya tela kuɗi mai yawa ya yi. Sa'an nan yaron da ke gyara a kwamfuta ya goge fuskar sumul, ya rage mini hanci, ya ƙara mini fari. Maigida ya duba ya ce, "Wannan baƙuwar fa, daga ina?" Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan mako biyu sai ga maƙwabciyata tana ce mini ta gan ni manne a jikin gilashin shagon, ana tallar aiki da ni. Sai da ƙanena ya je aka yi ta sa-in-sa kafin a cire. Laifin wa? Rabi nasu, rabi nawa, tun da ban tambayi komai ba, ban kuma faɗi komai ba.

Saboda haka a na Inna na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako guda na fita ni kaɗai neman wurin da ya dace. Na shiga shago uku. A kowanne abin da na fara roƙo shi ne a nuna mini hotunan tsofaffi da na baƙaƙen mata da suka ɗauka, ba na amare ba. Amarya kowa ya iya ɗaukarta. In kin ga duk matan da ke cikin littafinsu farare ne sol, fuskarsu kamar ta 'yar tsana, ki yi sallama ki fita, ke ma haka za su mai da ke. A na uku na sami mace ce mai shagon, ita ke ɗauka da hannunta, sharaɗin Inna na farko ya cika ke nan ba wahala.

Ku 'yan makaranta, ku lura da wannan, sana'a ce da mace ta ke ci da ita, ba kuwa yau aka fara ba. A Ghana an yi wata mata, Felicia Abban, wadda ta koya wurin mahaifinta, ta buɗe nata shagon a birnin Ankara tun a shekarun 1950. Ta kan ci ado ta ɗauki hoton kanta kafin ta fita taro, hotunan nan su ne tallarta. A 2019 aka baje su a babban bikin nunin zane-zane na birnin Venice a Italiya. Ta rasu a 2024.

Na zauna da mai shagon muka yi magana dalla-dalla, na kuwa rubuta a takarda. Nawa ne, kuma kuɗin na zama ne ko na kowane hoto? In an canja kaya sau biyu, kuɗin ya ƙaru? Guda nawa za a wanke a takarda, kuma wane girma? Su da inci su ke awo: mai inci 5 da 7 shi ne na ajiyewa a littafi ko aika wa dangi, mai inci 8 da 10 shi ne daidai sa wa a gilashi. Yaushe za a karɓa? Za a ba ni asalin hoton in ajiye? A nan ta koya mini abin da ban sani ba. Ta ce in an turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi a ke yi ya rage ƙarfi, a waya ya yi kyau, amma ran da aka so a buga shi babba sai ya dushe. Sai dai a turo shi a matsayin takarda, ko a zuba miki a ɗan filashi. Daga ƙarshe na kawo maganar da ta fi damuna. Na ce ban yarda a manna hoton a shago ba, ban yarda a sa shi a Facebook ko Instagram ba. Ta ce ta ji. Na ce a rubuta a rasit. Ta yi dariya ta rubuta. Kada ki ji kunyar wannan, 'yar'uwa, fuskarki ce, kuɗinki ne.

Sai zancen kaya, a nan muka daɗe. Mai shagon ta ce in gaya mata launin da za mu sa don ta san labulen da za ta rataya a baya. Ta bayyana mini dalilin abin da ya sami farar shaddata. Kyamara ba ta kai idon mutum ba. Ido yana iya ganin farin zane da baƙar fuska lokaci guda, kowanne da kyansa. Ita kuwa in ta bi farin, fuska ta yi duhu, in ta bi fuskar, farin ya ƙone. Gwani yana iya daidaitawa da fitilunsa, amma me ya sa za ki ɗora masa wahala? Yadi mai ƙyalli, irin sabuwar shadda da leshi mai duwatsu, shi kuma mayar da hasken fitila ya ke yi kamar madubi. Mai ƙananan ratsi a matse, ko ƙananan gidan dara, ya kan fito da wani irin kwarkwaro mai launi-launi wanda babu shi a jikin yadin. Abin da ya fi zama lafiya shi ne launi mai zurfi wanda ba ya ihu: shuɗi, kore mai duhu, ruwan goro, ruwan ƙasa, jan garura. In atamfar mai manyan furanni ce, to, mayafin ya zama launi ɗaya, labulen baya ma haka, don ido ya sami hanyar zuwa fuska.

Ban ce doka ba ce. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mashahurin mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida ya ke ɗauka da hasken rana, ya kan rataya zane mai ado a bayan mace mai sanye da atamfa mai ado, abin kuwa ya yi kyau har yau ana nuna hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya. Har rediyo da agogo da babur ya kan ajiye, wanda ya so ya ara a ɗauke shi da su. Amma nasa baƙi da fari ne, launi ba ya faɗa da launi, sa'an nan ba kowane mai shago ne Keïta ba.

Mu dai mun sayo wa Inna sabon leshi, mun kai ɗinki, muna ta murna. Da aka kawo ta ɗaga shi ta juya, ta ce, "Wannan na wace ce? In jikokina suka gan ni a ciki ai sai su ce amaryar Malam ce ta biyu." Ta jawo tsohuwar adakarta, ta fito da wani baƙin saƙi da Baba ya saya mata tun ba a haifi autanmu ba, rinin karofi, da murjaninta na gado, da 'yan kunnen azurfa. Ƙanwata ta fara, "Haba Inna," na taka mata ƙafa. Ina gaya muku, in da mun ci nasara a kanta da mun yi asara. Kayan da mutum ya saba da su, jikinsa ya san zamansu, ba ya ta jan wuya yana gyara hannu. Ke ma in sabon ɗinki za ki sa, ki gwada shi tun saura kwana uku, ki zauna da shi, ki miƙe, ki ɗaga hannu a gaban madubi. Rigar da ta yi kyau a tsaye ta kan tattare a ciki in an zauna, yawancin hoton shago kuwa a zaune a ke yinsa. Ki goge kaya tun daren jiya, ki rataye su, ki tafi da su a rataye ki sa a can. In kin sa tun daga gida kika shiga a-daidaita-sahu, kin isa da kaya a yamutse.

Kitso da lalle, saura kwana biyu muka yi. Sabon kitso yana jan fatar goshi, ga ciwon kai, mace ta kasa sakin fuska. Bayan kwana biyu ya kwanta, bai kuwa tsufa ba. Wata za ta ce ai ɗankwali zai rufe. I, amma ɗauri a kan kitso ya ke zama, in kitson ya yi tudu a gefe ɗaya haka ɗaurin zai karkace. Ki gwada ɗaurin da za ki yi tun a gida, ki tabbata bai sauko ya yi wa idanu inuwa ba. Jan lalle kuma ran da aka cire shi ruwan lemo ya ke, sai ya kwana ɗaya ko biyu ya ke nuna sosai. Baƙin nan da a ke haɗawa da maganin rinin gashi, ku yi hankali da shi ƙwarai. Akwai sinadari a ciki wanda ya kan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har da bororo, wani lokaci ba ran da aka yi ba, sai bayan kwanaki. Wadda ba ta taɓa yi ba kada ta fara don hoto. Haka duk wani sabon mai ko sabulu da ƙawa ta yaba miki, ki bar shi sai bayan an gama. Dilka ma in za ki yi, ki ba ta kwanaki. Inna dai dungulmi ta ce a sa mata, irin na da, hannu da ƙafa, aka ƙunsa mata ta kwana da shi.

Kwalliyar fuska ba ni da dogon bayani. Hoda daidai launin fatarki, ki kai ta har wuya. Mai kaɗan, don goshi da hanci su ke fara ƙyalli a gaban fitila. Ki riƙe ɗan tsumma mai tsabta ki dinga dannawa, ba gogewa ba. Kwalli yana fito da ido, amma yara ƙanana kada a sa musu na dutse, an auna an sami dalma a cikinsa, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Mai cin goro ta haƙura da shi tun daren jiya, ta yi asuwaki da kyau. Da na gaya wa Inna haka ta ce ita da goro sai mutuwa, kuma ba ta da niyyar buɗe baki ko da ma. Na bar ta.

Ku ƙyale ni in yi wata 'yar magana a kan farin nan da a ke ƙara mana. Tun zamanin fim mai launi, a shekarun 1950, kamfanin Kodak ya kan aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi a ke daidaita launin injin. Saboda haka an daɗe baƙar fata ba ta fita da kyau a hoto mai launi, har mutane suka ɗauka laifin fatar ne. Kyamarorin yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba. Mai hoton da ya san aikinsa zai haska baƙar mace ta fito da sheƙinta, ba sai ya mai da ita wata ba. Wanda ya ce sai ya ƙara miki fari za ki yi kyau, ƙarancin iyawarsa ya ke ɓoyewa.

Ranar ta zo, Asabar ce. Mun zaɓi ƙarfe goma na safe, lokacin Inna ta karya, ta sha maganinta, rana ba ta yi zafi ba, shago kuma ba cinkoso. Kada ki je hoto da yunwa, kada ki je bayan kin wuni a bakin murhu ido ya yi ja da hayaƙi. In da yara, a ci da su, a bar su su yi barcinsu, a sa musu kayan a can, a kuma fara da su tun ba su gaji ba. Na ɗauki jaka na zuba allura da zare, da fil, da mataji, da ruwan sha, da ɗankwali na biyu. Fil ɗin kuwa ya yi rana, don mayafin ƙanwata ya ƙi zama.

Da muka shiga, Inna ta tsaya tana kallon fitilun nan masu kama da laima. Ta ce ita a saninta mai hoto ya kan shige cikin baƙin mayafi ne a bayan akwati mai ƙafa uku, ya ce kada kowa ya motsa. 'Yata ta sakandare, da ya ke an koya musu, ta ce ai wannan ma an ci gaba, lokacin da aka fara bayyana hoto a Faransa a 1839 sai mutum ya yi mintoci a zaune bai motsa ba, har ƙarfe a ke kafa masa a bayan ƙeya ya riƙe kan. Inna ta ce, "To, ni in za a sa mini ƙarfe, mu koma gida."

Mai shagon ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, ga kujera." Inna ta dubi doguwar kujerar mai ruwan zinariya ta ce ita ba sarauniya ba ce. Aka kawo wata matsakaiciya. Na lura da yadda ta zaunar da ita, ga shi kuwa ku riƙe. Ba ta bar ta ta jingina ba, a bakin kujera ta zauna, baya a miƙe. Ta juya mata kafaɗa kaɗan zuwa gefe, fuska na kallon kyamara. Ta ce ta miƙo haɓa gaba kaɗan ta sauke, kada ta ɗaga a ga ƙofar hanci. Hannuwa a kan cinya, ɗaya bisa ɗaya, lalle yana fita. Tabarau ya ɗauki hasken fitila, sai ta ɗan ɗaga ƙafafunsa daga kan kunne, gilashin ya sunkuya, hasken ya tafi. Sa'an nan ta ja da baya sosai kafin ta ɗauka. Na tambaye ta dalili. Ta ce abin da ya fi kusa da kyamara shi ya ke fin girma, shi ya sa hoton da mu ke ɗaukar kanmu da waya a tsawon hannu ya ke ƙara mana hanci ya rage kunne. Ashe ba hancina ne ya yi laifi ba duk shekarun nan.

Sai dai Inna ta ɗaure fuska tamau kamar mai jiran hukunci. An ɗauka ya fi sau goma, duk ɗaya. Mai shagon ba ta ce mata "yi murmushi" ba ko sau ɗaya. Ta sauke kyamarar ta ce, "Mama, wannan saƙin ba a samun irinsa yanzu. A ina aka saya?" Inna ta ce Malam ne ya sayo a Kasuwar Kurmi, kuma sai da ya yi kwana uku yana ciniki don shi ba a cutarsa, daga baya aka gano an ninka masa kuɗi. Tana faɗa tana 'yar dariya, ido ya kawo ruwa. Nan take na ji ƙarar kyamara. Shi ne hoton da muka zaɓa.

Bayan nan aka ɗauke mu tare, Inna a tsakiya, mu 'ya'ya mata a tsaye, jikoki a ƙasa. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Saura ƙiris a yi ɓarna a wurin gyara. Muka zagaya bayan kwamfuta don zaɓe, sai na ga yaron shagon ya riga ya fara aikinsa, ya share rabin tsagar da ke kumatun Inna, yana shirin bin layukan goshi. Shi a ganinsa alheri ya ke yi. Kafin in buɗe baki Inna ta leƙo ta ce, "Kai yaro, ina ka kai mini tsagata? Wanzamin da ya yi ta ya daɗe a ƙasa, ba mai sake mini wata. Mayar da ita." Uwar ɗakinsa ta ba da haƙuri, aka mayar. Yanzu an bar yi wa yara tsaga, ni ma ban yi wa nawa ba, saboda haka jikokin Inna a fuskarta kaɗai za su ga irin ta gidansu. Ki faɗa tun da wuri abin da za a taɓa da abin da za a bari. Ƙurjin da ya fito jiya, a cire shi, ba naki ba ne. Amma tabon da kika girma da shi, da wushirya, da launin da Allah ya ba ki, in an cire, wa aka ɗauka?

Bayan kwana huɗu na karɓo. Mun wanke babba ɗaya, ƙanana tara, kowane ɗa ya sami nasa, don in gobara ko ruwa ya ci na gida ɗaya, na wani gidan yana nan. Asalin kuma na ajiye a wuri biyu, don waya ɓata ta ke yi, ta kan kuma faɗa rijiya. Na takarda ba ya son rana, launinsa ya kan koɗe, ba ya kuma son laima. In an sa shi a gilashi a sa ɗan kwali a gefe ya raba su, in ba haka ba da damina ya manne, ran da aka zo cirewa fuskar ta bi gilashin. Kada a rataya a bangon da ke tsattsafo ko kusa da madafa. Wanda ba ki da na biyunsa kada ki kai a liƙe shi da leda mai zafi, in an liƙe ba ya ɓaruwa.

Na kai wa Inna nata da yamma. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske ya ke. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai Iya ce." Mahaifiyarta ke nan, wadda mu ba mu taɓa gani ba, ba kuma wanda ya taɓa ɗaukarta. Ta kira autata ta ce, "Zo ki ga kakar uwarki."

Na karɓa na juya bayan don in rubuta suna da shekara. Da fensir a ke yi, a hankali, don tawadar biro ta kan huda ta ɓata gaba. Na rubuta sunanta da na mahaifinta, da garin, da ranar da aka ɗauka. Na ce, "Inna, shekarar haihuwa fa?" Ta ce wa ya rubuta? Ita dai ta san shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, aka tafi da dawakin garinsu babban hawan Kaduna, tana famfara, don ta tuna an yi mata dariyar giɓi ran da mahayan suka dawo. 'Yata ta ce wannan 1956 ne. Muka cire bakwai, na rubuta "wajen 1949." Inna ta ce a karanta mata. Da ta ji lissafin shekarun sai ta ce mun ƙara mata, ita ba ta kai haka ba, a goge. Ƙanwata ta ce ai shi ya sa aka ce da fensir.